Nono da 'ya'yan itace a kaskon kare: wanne ke amfanarsa, wanne ke kashe masa ƙoda?

Duk mai waya a hannu ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: Baturiya ta yanka ayaba da tufa, ta kwaɓa da yogot, ta daskarar a firiji, sannan ta miƙa wa karenta a cokali. A ƙauyukan Hausawa na jihar Jazira da gaɓar kogin Nilu Shuɗi a Sudan, wannan abin dariya ne, ko ma abin takaici ga wanda ya san kuɗin kwanon dawa a bana. Sai dai in aka cire firijin da cokalin, abin da ya rage ba baƙo ba ne. Karen da ke gadin awaki a bayan garin Kamlin yana lashe ragowar nono a ƙwarya, yana tsintar mangwaron da ya faɗo a lambu, yana bin bola bayan shan ruwa a watan azumi. Haka yake a Maraɗi, haka yake a Garwa da zangon Kumasi. Kare na cin nono da 'ya'yan itace ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

Galibin abin da yake tsinta ba ya yi masa komai. Amma akwai biyu ko uku da kan kashe shi cikin kwana uku, kuma ɗaya daga cikinsu yana cikin madafar kusan kowane gidan Bahaushe.

Kare a gidan manomi

Kamlin tana gaɓar yamma ta Nilu Shuɗi, a kan hanyar Khartum zuwa Wad Madani. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu kakanninsu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma aikin auduga ne ya kawo su bayan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gandun noman Jazira a 1925. Noma da lambu da kiwon 'yan awaki da su shanu su ne abin yi, kuma inda duk aka sami waɗannan to za a sami kare. Ba a ɗaki yake kwana ba, ba a kuma yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi. Aikinsa haushi da dare, da korar dila da ɓarawo. Malaman Malikiyya, mazhabar da Hausawa da mafi yawan mutanen Sudan ke bi, sun halatta ajiye shi don gadin gona da dabbobi da farauta, kuma ɗan makarantar allo ma ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ɗaure dabba don ta yi masa aiki, cinta da shanta suna wuyansa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wa maganar nauyi. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar wannan shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan jama'a da yawa sun bar gidajensu, asibitocin mutane da na dabbobi sun tsaya ko sun raunana. A inda likitan dabbobi ke nesa, kuskuren da mai kare a Faransa zai gyara da ƙarin ruwa na kwana biyu a asibiti, a nan ajali ne.

Kafin a shiga bayani, a san abu ɗaya: kare ba ya bukatar 'ya'yan itace. Hantarsa tana haɗa masa bitamin C da kanta, abin da jikin ɗan Adam ba ya iyawa. Tuwo da asida da kisra kuwa yana narkar da su sarai. Wani bincike da masana a ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kyarkeci ƙwayoyin halittar narkar da sitaci, saboda dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar manoma. Abin da karen ƙauye ya fi rasawa shi ne abinci mai gina jiki: ɗan nama, kifi, ƙwai, dafaffen wake. Mai gidan da 'ya'yansa ba su ƙoshi da mangwaro ba, kada ya ji ya tauye wa karensa haƙƙi don bai ba shi ba.

Nono: madara daban, tsala daban

Sunayen suna da yawa, abin ɗaya ne ko kusa da haka. A Sudan ana cewa rob ga nonon da aka kaɗa aka cire mai, wato tsala ke nan a wurinmu, zabadi kuma shi ne mai kauri irin kindirmo. A Cadi ruwaba, a arewacin Kamaru kosam, a Nijar da yawa kan kira na leda da sunan Solani, a Najeriya a ce yogot. Tambayar da aka fi yi ita ce, me ya sa wani kare ke shan nono lafiya, wani kuma da ya sha madara sai zawo?

Amsar tana cikin sukarin madara, wanda masana ke kira laktos. A madarar saniya yakan kusa kashi 5 cikin 100. Ɗan kwikwiyo yana da wadataccen sinadarin da ke farfasa wannan sukari a hanjinsa, tun da nonon uwa ne abincinsa. Da an yaye shi sai sinadarin ya riƙa raguwa, a wani kare ya ragu sosai, a wani ya rage saura. Sukarin da bai narke ba yana wucewa babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin cuta na hanji su ruɓar da shi. Sakamakon shi ne kumburin ciki da tusa da gudawa. Madarar akuya ba mafita ba ce, don nata sukarin kaɗan ya gaza na saniya.

In madara ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kamar rubu'i zuwa sulusi a yogot na kanti, sun mayar da shi tsami. Su kansu ƙwayoyin suna taimakawa wajen narkar da sauran a cikin hanji. Shi ya sa karnukan makiyaya ke rayuwa da tsala da tsaki tun kaka da kakanni ba tare da matsala ba. Tsala ma ta fi kindirmo sauƙi a cikin kare, domin an cire mata mai, kuma maiƙo mai yawa a lokaci ɗaya yana iya kumbura masa gaɓar ciki da ke sarrafa sukari da narkar da abinci, ciwo mai zafi da ke zuwa da amai.

Ga karen da bai saba ba, a fara da cokali ɗaya ko biyu na cin abinci a kan tuwonsa, a duba kashinsa washegari. In bai canja ba, ana iya ƙarawa a hankali har ɗan ƙaramin kofin shayi ga kare mai nauyin kilo 15. In ya yi ruwa, an gane nasa cikin ba na nono ba ne, sai a bari.

Inda ake kuskure shi ne a ɗauki nono a matsayin magani. Ɗan kwikwiyon da ke amai yana zawo mai jini da ɗoyi, ya ƙi ci ya kwanta, yawanci cutar fabo ce, ƙwayar cutar da ta bayyana a duniya a 1978 take kuma kashe 'yan kwikwiyo da sauri. Kindirmo ba ya yi mata komai sai ƙarin zawo. Allurar rigakafi ce ke tare ta, ruwan jiki ne ke ceton wanda ya kamu. Haka nan marayan kwikwiyo ba ya girma da madarar saniya zalla, domin nonon karya ya fi ta maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba.

Sai maganar tafasawa. Shanun Kenana da Butana da ake ji da su a tsakiyar Sudan suna da nono, amma kamar shanun ko'ina, akwai masu ɗauke da bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tsami yana rage ƙwayar cutar, bai cika kashe ta duka ba. Tafasa madara kafin a zuba mata iri shi ne ke kashewa. Kare na ɗaukar bakkale daga ɗanyar madara, ya fi kuma ɗauka daga ɗan tayin da saniya ko akuya ta zubar da mabiyiyarsa in aka jefa masa. Waɗannan binnewa ake yi da zurfi, ba da hannu tsirara ba.

Abin da aka zuba a cikin nonon

Sau da yawa ba nonon ne ke cutar da kare ba, mahaɗinsa ne. Girkin Sudan yana son haɗa rob da albasa da tafarnuwa. Miyar rob da ni'aimiya da soyayyiyar albasa ake fara su, salatin rob da kokwamba yana da tafarnuwa, mish kuma ga gishiri ga barkono. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafuwa ko suya ko shanya ba sa kashe su. Ana fara ganin illa a jini daga kamar giram 5 na albasa a kowane kilo na nauyin kare, wato albasa ɗaya 'yar madaidaiciya ga kare mai kilo 15. Lasar kwanon miya sau ɗaya ba za ta kai nan ba. Amma illar tana taruwa, kuma karen gidan da kullum ragowar miya ce abincinsa, ko na mai shagon ful da ake zuba wa sauran yankakkiyar albasa, yana iya kaiwa. Alamar ba ta fitowa a ranar. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga kasala da haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma ja ko kalar shayi. A lokacin mai gida ya manta da abin da kare ya ci.

Godogodo, furar da Hausawan Sudan suka yi suna da ita har ta shiga kasuwannin Khartum, da burkina ta Gana da fura da nono ta gida, duk gero ne da nono, kuma ba guba ba ne. Sukarin da yajin ne ba su dace ba. In za a ɗiba wa kare, a ɗiba kafin a zuba su.

Mazauna birni kuma su kula da kayan kanti da aka rubuta wa "babu sukari". Wasu ana zaƙaƙa su da wani sinadari da ake rubutawa xylitol ko E967 a jikin kwali. An fi samunsa a cingam da alewa da man goge baki, wani lokaci a yogot da man gyaɗa na masu ciwon sukari. Mutum na cinsa lafiya. Jikin kare kuwa yana ɗaukarsa tamkar sukari mai yawa, ya sako insulin da yawa, sukarin jininsa ya faɗi warwas, sau da yawa cikin awa ɗaya. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kowane kilo ya isa, in ya fi haka sosai hanta ce ke lalacewa. Cingam 'yan ƙwaya kaɗan na iya kayar da ƙaramin kare. Cakulan da goro da garin kofi su ma a nesanta su, don sinadaran da ke wartsakar da mutum a cikinsu suna daɗewa a jikin kare, su sa zuciyarsa bugu da jijjiga.

Waɗanda ba su da laifi

Kankana ita ce kan gaba, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Jazira ke wuce digiri 40. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. A ba shi jan, a cire 'ya'yan gwargwadon iko, a hana shi ɓawon, don in ya haɗiyi manyan gutsattsari suna iya tsaya masa. Ayaba, wadda lambunan Sinnar da Sinja ke fitarwa da yawa, ba ta da matsala in an ɓare. Haka gwanda nunanniya ba 'ya'ya, da gwaiba, da tsokar mangwaro, da tufa in an cire tsakiyar. Lemun zaƙi ɓawo ɗaya ko biyu na ciki ba komai, amma yawancin karnuka da kansu suke kau da kai daga lemun tsami da garehul, kuma sun yi daidai, don man da ke ɓawonsu yana ɓata ciki.

Kare yana jin ɗanɗanon zaƙi, saɓanin kyanwa da ba ta ji, saboda haka ba zai ce ya ƙoshi ba. Likitocin dabbobi suna da ƙa'ida mai sauƙi: duk abin marmari kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. Kare mai kilo 15 yana bukatar kalori 800 zuwa 900 a rana, ushirinsa ke nan 80 zuwa 90. Wannan shi ne ayaba ɗaya ƙarama, ko rabin mangwaro, ko yanka biyu na kankana, ko dabino huɗu. Ɗaya daga ciki ake nufi, ba duka ba. Dabino ba guba ba ne, amma wajen kashi biyu cikin uku nasa sukari ne, ga kuma ƙwallo.

Inabi, zabibi da tsamiya

A nan ne maganar take da nauyi. Tun ƙarshen shekarun 1990 cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA a Amurka ta fara lura da wani abin mamaki: karnuka masu lafiya suna cin inabi ko zabibi, su yi amai cikin 'yan awoyi, bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙodarsu ta tsaya. An yi ta neman dalili sama da shekara ashirin. An zargi maganin feshi, an zargi funfuna, ba a samu ba. Abin da ya ƙara rikitar da masana shi ne wani kare ya ci tuli ya tashi lafiya, wani ya ci 'yan ƙwaya ya mutu.

A 2021 likitocin wannan cibiya suka fito da bayanin da yanzu aka fi karɓa, suka kuma wallafa cikakken rahoto a 2022. Sun ga karnukan da suka ci wani farin gari da ake sa wa a kek, wanda gishirin sinadarin tartarik ne, sun kamu da ciwon ƙoda iri ɗaya da na masu cin inabi. Suka ga irinsa a karnukan da suka ci tsamiya. Abin da ya haɗa ukun shi ne tartarik, sinadarin da ke ba inabi da tsamiya tsaminsu. Yawansa a inabi yana bambanta daga iri zuwa iri, daga ɗanye zuwa nunanne, wannan ya bayyana dalilin da wani kare ke tsira wani ya tafi.

Ga mai karatu a Turai labarin inabi ne. Gare mu labarin tsamiya ne. Inabi tsada gare shi, ba mai jefa wa kare. Tsamiya kuwa, aradeb a bakin mutanen Sudan, tana kowane gida, kuma tartarik ɗin da ke tsokarta ya kai kashi 8 zuwa 18 cikin 100, ninkin-ba-ninkin na inabi. Da ita ake kunun tsamiya, da ita ake tsamar da ruwan tuwo a gidaje da yawa, jiƙonta kuma yana cikin abin shan ruwa na azumi daga Kamlin har Agadas. Ruwan tsamiyar da aka tsarma a tukunyar tuwo ba ɗaya yake da curin tsamiya ba, kuma karnukan da aka ba da rahotonsu tsamiyar kanta suka ci da yawa. Hatsarin yana ga curin da aka bari a ƙasa, da buhun da ke zaure, da sauran da aka jiƙa aka tace aka watsar a bayan ɗaki, wani lokaci da ɗan zaƙin sukari a jikinsa. Har yau masana ba su tsayar da wani adadi da za a ce kare ya ci lafiya ba, ko na inabi ko na tsamiya. A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a bi da sauran tsamiya yadda ake bi da maganin ɓera: a zuba a masai ko a binne, kuma kada ragowar kunun tsamiya ta zama abincin kare na kullum.

Zabibi ya fi ɗanyen inabi haɗari, don bushewa ta tattara sinadarin wuri ɗaya. Yakan shigo gida lokacin azumi da salla, a cikin shinkafa da madara, da sha'iriya, da kek, da jiƙon busassun 'ya'yan itace. Yaro ne yawanci ke miƙa wa kare, da zuciya ɗaya.

Alamomin su ne amai a cikin yinin farko, ƙin abinci, kasala, ƙishi da yawan fitsari. Daga baya sai fitsarin ya ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya, bakin ya yi wari. In aka kai nan da wuya a dawo.

Ƙwallo

Goruba da aduwa da kurna, dom da lalob da nabag a Larabcin Sudan, yara ke gwaigwaya su yar, kare ya bi ya ɗauka. Matsalarsu ba guba ba ce, girma ne. Ƙwallon mangwaro ko na goruba ko na piya ko totuwar masara na iya wuce maƙogwaro su tsaya a ƙaramin hanji, na dabino da na aduwa kuma su yi haka ga ɗan kwikwiyo. Karen zai riƙa amai a kai a kai, ko ruwa ya sha ya dawo, ba ya kashi, ya tanƙware baya in an taɓa cikinsa. Maganin wannan tiyata ce. Ɗura masa mai ba ya tura ƙwallon, kuma in man ya bi ta hanyar iska ya shiga huhu an ƙara wata cutar. A lokacin mangwaro, share ƙarƙashin bishiyar da kare ke kwana ya fi duk wata dabara. Ƙasusuwan kaza da suka rage daga agashe ma haka, dafaffen ƙashi tsagewa yake kamar kara.

Wani abin da bola ke jawowa shi ne funfuna. Gyaɗa da tunkuza da ƙuli-ƙuli da masarar da suka jiƙa suka yi funfuna suna iya ɗauke da aflatoksin, gubar da ke cin hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure ta. Cuku da burodin da suka yi kore suna da wata gubar da ke sa karkarwa da farfaɗiya cikin awoyi. Nono mai tsami daban, nonon da ya yi gashi daban. Abin da ya lalace har mutum ba zai ci ba, ba sadaka ba ce a ba dabba. Kuma a yankin da ake feshin auduga da kayan lambu kamar Jazira, galan ɗin maganin ƙwari da aka yanke ba kaskon kare ba ne, komai wankin da aka yi masa.

In ya riga ya ci

Awa biyun farko su ne masu daraja. A cikinsu likita na iya sa kare amai da allura, ya ba shi gawayin asibiti mai kama guba, in inabi ne ko tsamiya ya sa masa ruwa na kwana biyu don kare ƙoda. Kada a jira alama, don kafin ta fito an makara. A riƙe lokacin da ya ci, da abin da ya ci, da yawansa, in akwai kwali a tafi da shi. Inda ba likita kusa, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko mai shagon maganin dabbobi da ya yi karatun abin yana iya ba da shawara ta waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, lambar tasa tun yau ya kamata ta shiga waya.

Dabarun gida da aka saba da su suna ƙara ɓarna. Ɗura gishiri don ya yi amai na iya kashe shi da kansa. Madara da manja ba sa karya guba. Gawayin murhu ba shi ne na asibiti ba. Abin da za a iya yi shi ne a ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa, a bar shi ya sha da kansa.

Akwai gargaɗin da ya fi duk waɗannan. Karen da ke dalalar da miyau, yana tangaɗi, yana yi kamar wani abu ya maƙale masa a wuya, yana iya zama ƙwallo ne ko guba, yana kuma iya zama haukan kare. Mutane sun kamu da cutar ta hanyar zura hannu a bakin dabba don ciro ƙashin da babu shi. In ba a ga abin da ya ci da ido ba, ko ba a yi masa rigakafi ba, a killace shi, a kori yara, kada a taɓa bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nemi allura a ranar, komai nisan asibitin. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum babu magani.

Huhun layya

Abin da muka fi jefa wa kare da hannunmu, wanda kuma ya fi inabi dawowa kanmu, a mayanka yake. Mahauci ya fasa rago ko raƙumi, ya ga wani ƙullutu mai ruwa a huhu ko hanta, ya yanke ya wurga wa karen da ke jira. A cikin ƙullutun akwai dubban kawunan wata tsutsa. A hanjin kare suke girma, tsawonsu bai wuce 'yan milimita ba, shi kuma ba ya nuna ciwo. Ƙwayayensu suna fita da kashinsa, su manne a gashinsa, su sauka a ciyawa da ganyen lambu da kankanar da ke kwance a ƙasa. Yaron da ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba yana haɗiye su, ƙullutun ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma shiru kafin a gano, sau da yawa sai an yi tiyata. Binciken da aka yi a mayankun tsakiyar Sudan ya nuna cutar ta fi yawa a raƙuma, kuma babbar kasuwar raƙuma ta Tambul tana tsallaken kogi ne a cikin jihar ta Jazira.

Maganin da ke kashe tsutsar a cikin kare ba baƙo ba ne ga mutanen Jazira, shi ne firazikwantel, wanda ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya da ake ɗauka a magudanan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba karnuka aƙalla sau huɗu a shekara, malamin dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyi, a kuma binne kashin da ya yi a kwana biyun da suka biyo baya. Kayan cikin da ba su da ƙullutu ana iya ba kare in an tafasa su rabin awa. Masu ƙullutu a ƙona su, ko a haƙa rami mai zurfin da ba zai tone ba. Ranar Babbar Salla, da ake yanka a kowane tsakar gida ba mai duba nama, gara a haƙa ramin tun kafin a kayar da ragon.